Tafiyata zuwa gaɓar Beljiyam, inda aka raba teku a kan taswira

Aikina tsara amfani da filaye ne a kan tudu, saboda haka da aka sanya sunana cikin ayarin da zai je Beljiyam ganin yadda ƙasar take raba yankinta na Tekun Arewa tsakanin masu amfani da shi, na karɓi gayyatar da ɗoki, domin ina son in ga yadda ake shata iyaka a wurin da ba a iya kafa turke. Neman biza ya ci lokaci fiye da tafiyar kanta. Jirginmu ya sauka a filin jiragen saman Burasels da sassafe, kuma jami'in shige da fice ya duba takardar gayyata da shaidar masauki da tikitin komawa kafin ya buga hatimi. Tashar jirgin ƙasa tana ƙarƙashin ginin filin jirgin, na sayi tikitin Ostend, garin da ke bakin teku, a kan Yuro ashirin da wani abu, muka ratsa Ghent da Bruges cikin gonaki shimfiɗaɗɗu da babu ko tudu ɗaya a cikinsu.

Tashar Ostend tana bakin tashar jiragen ruwa, har mutum yana fitowa daga tarago zai ci karo da warin ruwan gishiri da kukan tsuntsayen teku. Masaukin da aka kama mana ƙaramin otal ne a bayan dogayen benayen da suka jeru a gaɓa, ɗaki ɗaya kusan Yuro 90 a dare tare da karin kumallo. Da yamma na fita kan katangar da ta raba gari da ruwa na tsaya ina kallo. Iska mai sanyi tana ratsa riga, ruwan launin toka ne mai duhu, kuma ban da jirage biyu ko uku can nesa babu abin da ido yake gani. Duk wanda ya tsaya a wurin zai ɗauka fili ne fetal wanda zai ishi kowa, har ya yi saura.

Washegari muka haye mashigin tashar a wani ƙaramin jirgin fito da ba a biyan kuɗinsa, zuwa gaɓar gabas inda Cibiyar Nazarin Teku ta Flanders, wato yankin arewacin Beljiyam, take, cibiyar da aka kafa a 1999. A harabar ne kuma hukumar UNESCO mai kula da ilimin teku take da ofishin tattara bayanai, kuma wannan hukuma ce ta fitar da jagorar tsara amfani da teku a 2009 wadda ƙasashe da yawa suka yi aiki da ita. Wata malamar bincike ce ta karɓe mu, ta haska taswirar yankin tekun Beljiyam a bango babu komai a kanta. Faɗinsa murabba'in kilomita 3,454 ne kacal, gaɓar ƙasar ba ta wuce kilomita 67 ba, kuma matsakaicin zurfin ruwan kusan mita 20 ne. Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan dokar teku ta 1982 ta ba kowace ƙasa mil 12 na teku a matsayin yankin mulkinta, da kuma ikon cin arzikin ruwa har zuwa mil 200, amma Beljiyam ba ta da inda za ta miƙe haka, domin Faransa da Holan da Birtaniya sun kewaye ta. Abin da ya rage mata wani ɗan yanki ne mai siffar tsinin mashi.

Daga nan malamar ta fara ɗora abubuwa a kan taswirar ɗaya bayan ɗaya, kuma wannan ne wurin da tafiyar ta fara ba ni mamaki. Ta fara da hanyoyin manyan jirage masu fitowa daga mashigin Dover, tsakanin Ingila da Faransa, zuwa tashar Zeebrugge da kogin Scheldt da ke kaiwa tashar Antwerp, da wuraren da suke jefa anga suna jiran jagoran da zai shigar da su. Ta ƙara wayoyin sadarwa da na lantarki da ke kwance a ƙasan ruwa, da bututun iskar gas daga Norwe da wanda ya haɗa Zeebrugge da Bacton a Ingila. Ta ƙara filayen ɗibar yashi, da wuraren zubar da laka da ake yashewa daga hanyoyin jirage, da filin atisayen soja, da yankin manyan fankokin da iska ke juyawa suna samar da lantarki, da yankin kare halittu mai suna Vlaamse Banken wanda shi kaɗai ya ɗauki kusan kashi ɗaya cikin uku na ruwan ƙasar, da gawarwakin jiragen da suka nutse waɗanda doka ta mai da wasunsu kayan tarihi. Kafin ta gama, babu ko tafin hannu na taswirar da ba a shafa masa launi ba, wasu wuraren ma launi uku ne a kan juna. Ruwan da na tsaya kallo jiya da yamma shi ne wannan.

Ta bayyana mana cewa kafin a zo ga wannan tsari kowace ma'aikata tana ba da lasisinta ne ba tare da duba na 'yar'uwarta ba, kuma wanda ya riga zuwa shi yake kama wuri. A 2003 aka naɗa minista na musamman mai kula da Tekun Arewa, Johan Vande Lanotte, aka fara shata yankunan yashi da na lantarki da na kare halittu. A ranar 20 ga Maris 2014 aka mai da tsarin doka ta hanyar umarnin sarki, a shekarar da Tarayyar Turai ta wajabta wa duk ƙasashenta masu gaɓa su kammala irin wannan shiri kafin ƙarshen Maris 2021. Shiri na biyu ya fara aiki a 2020. Akwai wata sarƙaƙiya da ta ja hankalina matuƙa a matsayina na ma'aikacin gwamnati: daga inda ruwa yake tsayawa idan teku ta janye zuwa ciki, ikon gwamnatin tarayya ne, daga nan zuwa tudu kuwa na gwamnatin yankin Flanders ne, amma duk da haka kamun kifi da yashe hanyoyin jirage da jagorancinsu suna hannun Flanders ko da a tsakiyar teku ne. Ke nan wayar lantarki ɗaya da ta taso daga fanka ta nufo gari sai ta bi ta hannun gwamnatoci biyu kafin ta iso.

Maganar yashi ta fi tsaya mini a rai fiye da yadda na zata. Ana ɗibar miliyoyin mita kubik na yashi a kowace shekara daga tuddan da ke ƙarƙashin ruwa, wani a kai wa masu gini, wani kuma a zuba a bakin gaɓa domin faɗaɗa rairayin da ke kare garuruwa daga ambaliya, abin da mutanen Ostend ba sa wasa da shi tun ambaliyar 1953 da ta shiga tsakiyar garinsu. A wani tudu mai suna Kwintebank an yi ta ɗiba a wuri ɗaya har rami mai zurfin kusan mita biyar ya buɗe, aka rufe wurin a 2003. An daɗe ana zaton ruwa zai mayar da yashin da kansa, amma awon da aka ci gaba da yi ya nuna ramin bai cike ba. Tun daga nan ake ɗaukar yashin teku a matsayin dukiya mai ƙarewa, kuma kowane jirgin ɗiba yana ɗauke da na'urar da ke rubuta inda ya tsaya da lokacin da ya kunna famfonsa. Abin da na fahimta shi ne cewa tudun da mai gini yake so ya kwashe shi ne yake rage ƙarfin igiyar ruwa kafin ta iso gari, shi ne kuma kifi yake kiwo a kansa, don haka lasisin yashi ba magana ce tsakanin kamfani da ma'aikatar tattalin arziki kaɗai ba.

Ranar da aka fitar da mu cikin teku ita ce mafi wuya a tafiyar. Mun tashi daga Ostend da hantsi a wani jirgi matsakaici, kowa sanye da rigar kariya daga nutsewa, kuma muna fita daga tsakanin katangun tashar igiyar ruwa ta fara ɗaga mu tana saukewa. Ba a yi nisa ba jiri ya kama ni, cikina ya juya, na kasa tsayuwa na kasa zama. Wani matuƙi dattijo ya fito da ni daga ɗaki zuwa sarari, ya ce in kafa ido a inda sama ta haɗu da ruwa kada in dubi ƙafafuna, ya ba ni busasshen biskit. Hakan ya rage mini, amma sanyin da ke waje ya sa yatsuna suka ƙage har na kasa riƙe alƙalami. Fiye da rabin ayarinmu haka suka yi tafiyar, kuma tun daga ranar nake ganin girman duk wanda wannan ruwa ne wurin neman abincinsa.

Kusan kilomita 30 daga gaɓa fankokin suka fara fitowa daga hazo, da farko ɗaiɗai, daga baya sahu bayan sahu har iyakar gani. A nan kan tudun Thornton aka kafa guda shida na farko, waɗanda suka fara aiki a 2009, kuma zuwa ƙarshen 2020 yankin gabas da ke manne da iyakar Holan ya cika da fankoki 399 masu ƙarfin fiye da megawat 2,200 a kan murabba'in kilomita 238. Jirginmu bai shiga tsakaninsu ba, domin akwai tazarar mita 500 da doka ta hana jirgin da ba na aikin wurin ba ya ƙetare. Wani masanin halittu da ke tare da mu ya yi mana bayanin abin da ke faruwa a ƙasa. Ginshiƙan ƙarfe da duwatsun da aka zuba a gindinsu sun zama mazaunin kawa da dangoginta masu ɓawo da ƙananan halittu, kifaye kuma suna taruwa a wurin saboda abinci, ga shi babu tarun da ke kankare ƙasa. Sai dai bai ɓoye ɗaya gefen ba: ƙarar buga ginshiƙai tana korar wata ƙaramar dabbar ruwa mai shayarwa, 'yar'uwar dolfin, zuwa nisan kilomitoci masu yawa, shi ya sa aka hana bugawa a watannin farkon shekara lokacin da ta fi yawa a ruwan, aka kuma wajabta kewaye wurin aiki da labulen kumfar iska mai rage ƙara. Wasu tsuntsayen teku suna guje wa yankin gaba ɗaya, wasu kuma suna zuwa su sauka a kan ginshiƙan. Ya ce tun farkon aikin ake bibiyar waɗannan abubuwa shekara bayan shekara, kuma sharaɗi ne a cikin lasisin kamfanonin.

A nan na gane bambancin aikinsu da nawa. Fili a kan tudu fuska ɗaya gare shi, idan an ba wani to an hana wani. Teku kuwa hawa-hawa ce: akwai iskar da ke sama, akwai fuskar ruwa, akwai tsakiyarsa, akwai ƙasansa, akwai abin da ke binne a ƙasan, sa'an nan akwai lokaci, domin wurin da soja ke harbi yau masunci zai iya ratsa shi gobe. Gwanintar mai tsarawa ita ce ya san waɗanda za su iya zama a kan juna da waɗanda ba sa haɗuwa ko kaɗan. An gwada kiwon kawa da ciyawar teku a tsakanin fankoki, kuma hakan yana yiwuwa. Anga da wayar lantarki kuwa ba sa zama wuri ɗaya, haka ma tarun da ke jan ƙasa da halittun da ke zaune a kan tsakuwa.

Da muka dawo, bayan na huta, na je rumfunan kifi da ke bakin tashar, inda ake sayar da abin da ƙananan jirage suka kamo. Na ci soyayyen kifi da ƙananan jatan lande masu launin toka da aka dafa tun a cikin jirgi, kuma a wurin na zauna da wani masunci da ya manyanta, wani abokin tafiyarmu yana yi mana tafinta. Bai yi maganar tsarin da zafi ba, amma bai yabe shi ba. Ya ce a taswirar kowa yana da akwatinsa mai launi, mai lantarki da mai yashi da soja, amma masunci ba shi da akwati, an dai ce yana iya kamu ko'ina ban da inda aka hana, kuma inda aka hana ɗin kullum ƙaruwa yake yi. Kifi ba ya zama wuri ɗaya, saboda haka masunci ba zai iya nuna fili ya ce nan ne nawa ba, kuma wanda ba shi da fili a takarda shi ake fara matsawa idan sabon baƙo ya zo. A lokacin ziyararmu jiragen kamun kifin Beljiyam 'yan sittin da wani abu ne, manyansu ma a ruwan wasu ƙasashe suke yawancin kamunsu.

Wannan magana ta tuna mini da burtali. Makiyayi ma amfaninsa da ƙasa na wucewa ne, ba ya kafa gini, ba ya riƙe takardar mallaka, kuma duk lokacin da aka zo rabon fili wanda yake zaune daram shi ake gani, mai wucewa kuwa sai a ɗauka zai sami wata hanya. Haka gona take cin burtali taku bayan taku har ranar da shanu za su iso su tarar babu mafita. Abin da na gani a Beljiyam bai kawar da wannan rashin daidaito ba, kuma ina ganin duk mai yabon tsarin ya kamata ya faɗi haka a fili. Abin da ya yi shi ne ya sa matsawar ta zama a rubuce, da ranar da za a yi ta, da taron jin ra'ayi kafin a yi, da ƙungiyar masu jirage a zaune a teburin, ta yadda masunci zai san abin da zai rasa tun shekaru kafin a kafa ginshiƙi na farko, ya kuma sami wurin da zai yi gardama. A ganina wannan ba ƙaramin abu ba ne, ko da yake bai kai adalci cikakke ba.

Akwai kuma ɗaya fuskar, wadda masanin halittun ya nuna mana. Yankin Vlaamse Banken sunansa wurin kariya, amma an daɗe ana jan taru a ƙasansa, domin kamun kifi a Turai yana ƙarƙashin manufa ɗaya ta Tarayyar, kuma Beljiyam ba ta da ikon hana jiragen Holan ko na Faransa ita kaɗai. Matakan da ta gabatar bayan shirin 2014 sun bi dogon layin shawarwari da maƙwabta, aka sassauta su, daga ƙarshe Majalisar Turai ta ƙi amincewa da su a 2018. Launin kore a taswira bai hana ƙarfen taru taɓa ƙasa ba.

Sauran gaɓar mun bi ta ne a taragon lantarki da ke tafiya daga De Panne a iyakar Faransa har Knokke a iyakar Holan, tikitin yini guda bai kai Yuro 10 ba. A Lombardsijde muka wuce sansanin da soja ke harbi zuwa cikin teku, inda ake sanar da masu jirage ranakun atisaye tun da wuri. A Oostduinkerke muka tarar da masu kamun jatan lande a kan dawakai, sanye da rigunan ruwa masu launin rawaya, manyan dawakan suna shiga ruwa har ƙirji suna jan taru a bayansu lokacin da teku ta janye, sana'ar da UNESCO ta sanya cikin al'adun gado na duniya a 2013. A De Panne kuwa zancen da ke bakin mutane shi ne fankokin da Faransa ta shirya kafawa a gaban Dunkirk, kusan kilomita 10 daga gaɓa kuma dab da iyaka. Beljiyam ta ƙalubalanci shirin, tana cewa zai toshe tsohuwar hanyar jirage tsakanin Ostend da Ingila. Duk kyawun tsarin ƙasa, iyakarsa layin da ke kan takarda, ruwa da kifi da jirage kuwa suna wucewa abinsu.

A Zeebrugge aka tsayar da motarmu a ƙofar tasha, aka karɓi fasfo ɗinmu aka gwada da jerin sunayen da aka aika tun da farko, aka ba kowa riga mai ƙyalli, aka gargaɗe mu kada mu ɗauki hoto a kusa da ma'ajiyar iskar gas. Tashar, wadda ta haɗe da ta Antwerp a 2022, tana cike da dubban sababbin motoci a jere suna jiran jirgi. Amma abin da ya fi girgiza ni yana gabas da katangar tashar, a gaban rairayin Heist inda iyalai ke wasa da 'ya'yansu. A wani tudun ƙarƙashin ruwa mai suna Paardenmarkt, kimanin kilomita ɗaya daga gaɓa, an zubar da aƙalla tan 35,000 na harsasai da bama-baman Yaƙin Duniya na Ɗaya bayan an gama yaƙin, kuma wani kaso mai yawa daga cikinsu na guba ne. An manta da su har sai da masu yashe hanya suka ci karo da su a 1971. Yau wurin yana kan taswira a matsayin yanki mai kusurwa biyar da aka hana kamun kifi da jefa anga a cikinsa, ana kuma ɗibar samfurin laka da ruwa a kai a kai domin a ga ko gubar ta fara fita. Mutanen da suka zubar da su sun ɗauki teku a matsayin wurin da abu ke ɓacewa, ga shi bayan fiye da shekara ɗari jikokinsu suna tsara hanyar jirage da wayoyi suna kewaye wurin.

Ziyararmu ta ƙarshe ita ce cibiyar ceto da sa ido a kan teku da ke Ostend, inda ma'aikata ke zaune dare da rana a gaban allunan da ke nuna kowane babban jirgi da sunansa da saurinsa da inda ya dosa. Tsaron tekun Beljiyam haɗin gwiwa ne na hukumomi fiye da goma na tarayya da na Flanders, akwai kuma jirgin sama da ke shawagi yana neman malalar mai da masu saɓa doka. Jami'in da ya zagaya da mu ya kawo misalin jirgin dakon kaya Flinterstar, wanda ya yi karo da jirgin dakon iskar gas a gaban Zeebrugge a watan Oktoba 2015 ya nutse, mai ya malala. Ya ce duk fankar da aka ƙara tana rage filin da jirgin da injinsa ya mutu zai yi ta shawagi kafin a kai masa ɗauki, don haka kowane sabon yanki a taswira yana zuwa da sabon lissafin jiragen ceto.

Lokacin da muka bar Ostend ana cikin aikin shiri na uku, wanda aka tsara wa wa'adin 2026 zuwa 2034, kuma babban abin da ke gabansu shi ne sabon yankin fankoki mai suna Gimbiya Elisabeth, mai faɗin murabba'in kilomita 285, tare da tsibirin da ake ginawa kimanin kilomita 45 daga gaɓa domin tattara lantarkin. Wani ɓangare na wannan yanki ya faɗa cikin Vlaamse Banken, a kusa da shimfiɗar tsakuwar da masana ke fatan kawa za ta sake zama a kanta, kuma masunta suna neman a bar su su kafa tarko da ƙugiya a tsakanin sababbin fankokin maimakon a rufe musu wurin baki ɗaya kamar yadda aka yi a gabas. Na hau jirgin ƙasa na yamma zuwa Burasels da kwafin taswirar a naɗe cikin jakata, na kwana a kusa da filin jirgi, washegari da safe muka taso.